Fensir Ya Ƙi Zama a Hannun Dama, Malami Kuma Ya Hana Hagu

Assalamu alaikum. Ni uwa ce a nan Gombe, ina da yaro ɗan shekara 6. Na yi doguwar naƙuda a haihuwarsa, bai yi kuka da wuri ba, sai da muka yi kwana tara a asibiti. Tun yana wata bakwai na lura komai da hagu yake kamawa, hannun dama kullum a dunƙule. Bai taka ba sai da ya kusa shekara biyu, har yanzu kuma dunduniyarsa ta dama ba ta taɓa ƙasa, ga yawan tuntuɓe. Bakinsa garau, haddarsa ma ta fi ta yayarsa. Bana ya shiga aji ɗaya. Malaminsu ya ce ba a rubutu da hagu a ajinsa, a Islamiyya ma haka. Da dama kuwa fensir suɓuce masa yake yi, kullum da kuka yake dawowa, yanzu ko jakar makaranta ba ya son gani. Kakarsa ta wajen uba ta ce sangarta ce, a ɗaure hagun, a riƙa gasa daman da ruwan zafi da man zafi. Sau ɗaya muka je gashi a asibiti yana ɗan shekara biyu, muka bari saboda kuɗin mota. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah ya raya shi, ya ba ki ladan ɗawainiya.

Amsarmu a taƙaice ita ce: ki bar shi ya yi rubutu da hagu, tun daga gobe. Hannun dama kuma ba yasar da shi za a yi ba, aiki ne za a nema masa wanda zai iya. Yaron nan bai zaɓi zama bahago ba, kuma ba sangarta ke damunsa ba.

Ba ma yanke wa yaro cuta daga wasiƙa, amma abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da lalurar da ake rubuta wa CP a katin asibiti, wato rauni a ƙwaƙwalwa tun lokacin haihuwa ko kusa da ita, nau'in da ke taɓa ɓarin jiki ɗaya. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki. Idan ya rasa isasshiyar iska ko jini a lokacin naƙuda, saƙon da yake aika wa tsokoki ba ya zuwa daidai. Tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da wuyan hannu sai su rinjayi masu buɗe su, shi ya sa kike ganin hannun a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi. Jariri mai lafiya hannu biyu yake kai wa abu, ba ya fifita ɗaya kafin ya cika shekara. Wanda ya fifita hannu ɗaya tun wata bakwai, alama ce ɗayan na da matsala. Haka ma tafiya: binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna yara kan fara tafiya su kaɗai tsakanin wata 8 da wata 18, naki ya ɗan zarce.

Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Abin da ke canzawa shi ne jiki. Ƙashi na tsawo, tsokar da ta ɗaure ba ta iya binsa, sai gaɓa ta ƙara riƙewa shekara bayan shekara idan ba a kula ba. Saboda haka idan kika ga yaron na rasa abin da a da yake iyawa, ko rauni ya sauko masa farat ɗaya, wannan wani abu ne daban, a kai shi asibiti ranar. Ki kuma tabbatar an yi masa gwajin sikila (genotype), domin sikila na jawo wa yara shanyewar ɓarin jiki, ita kuma kulawarta daban ce.

Ki koma asibiti, ko da sau ɗaya ne a wata. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe akwai likitocin yara da sashen gashin ƙashi. Ki gaya wa mai gashin gaskiya cewa kuɗin mota ba zai bar ki zuwa kowane mako ba, ki roƙi ya koya miki abin da za ki riƙa yi a gida, ki ɗauka a waya yana nunawa. Ko da ma kuna zuwa kullum, rabin awar asibiti ba ta kai sauran awannin da yaro ke yi a tsakar gida ba. Ki nemi a duba abu uku da ake yawan mantawa. Idanu, domin wasu yaran ba sa ganin gefen da ya yi rauni sosai, sai a ce ba sa kula. Farfaɗiya, wadda ba kullum take zuwa da jijjiga ba, wani lokaci ƙura ido ne na daƙiƙu kaɗan yaro bai san inda yake ba. Sai ƙugu da tsawon ƙafafu, don ƙafar da ta yi rauni kan ɗan gaza ɗayar.

Yanzu batun rubutu. Rubutu shi ne aiki mafi wuya da ake ɗora wa yatsun yaro: yatsu uku na riƙe da fensir suna motsi ƙanana, biyu na jingine a takarda, wuyan hannu a ɗan ɗage. Hannun da bai gama iya buɗewa ya saki abu ba, ba zai yi wannan ba ko an shekara ana bulala. Bulalar ma ƙara ɗaure shi take yi, domin tsoro da zafi da sanyi da gaggawa duk suna ƙara sandarewar tsoka. Za ki lura da haka da kanki da sanyin safiyar hunturu. Duk watan da aka ɓata ana kokawa da dama, 'yan ajinsu na gaba da haruffa, shi kuma yana koyon ƙin makaranta.

Kafin fensir, a gyara zama. Tafin ƙafafunsa biyu su zauna daram a ƙasa, gwiwa da ƙugu a lanƙwashe kamar kusurwar bango. Bencin makaranta yawanci ya fi ƙarfin ɗan shekara 6, ƙafafu na reto, to a sa masa bulo ko guntun katako ya taka. Tebur ya zo daidai gwiwar hannunsa ko ya ɗara kaɗan. Yaron da ƙafarsa ke lilo, ƙarfinsa a kan kada ya faɗi yake ƙarewa, babu abin da ya rage wa yatsu. A zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Littafin a matsar da shi gefen hagu kaɗan, a karkata samansa zuwa dama. Ya riƙe fensir kimanin santimita 3 daga baki, ya fi yadda na-dama ke riƙewa nisa, don ya ga abin da yake rubutawa, kada ya koyi lanƙwaso hannu ta saman layi kamar ƙugiya.

Hannun dama kuma a kan tebur zai zauna, yana danne takarda. Ko a dunƙule yake, a ɗora shi. Wannan shi ne aikinsa na farko a makaranta, kuma babba ne. Za ki ga idan ya dage da rubutu da hagu, daman na ƙara dunƙulewa yana hawa ƙirji. Ba ganganci ba ne, haka ƙwaƙwalwar ke yi idan ta yi yunƙuri. A hankali a mayar da shi kan takarda, ba tare da faɗa ba. Idan abin ya yi yawa, aikin ne ya yi masa tsauri ko ya gaji.

Kada a fara da haruffa sai an gwada shi da zane. Yara kan iya kwaikwayon layi a tsaye da a kwance da da'ira wajen shekara 3, alamar tarawa wajen shekara 4, murabba'i da layi a karkace bayan haka, mai kusurwa uku wajen shekara 5. Wanda bai iya layi a karkace ba, A da K da M za su gagare shi. Ki zana masa ɗaya bayan ɗaya ki ga inda ya tsaya, daga nan za a fara. A fara da babba: yatsa a cikin yashi, gawayi a jikin katanga daidai tsayin fuskarsa. Rubutu a bango na ƙarfafa kafaɗa, yana kuma ɗage wuyan hannu ba sai an ce masa ba. Ki karya alli guntu-guntu kamar gaɓar yatsa, guntun alli ba ya riƙuwa sai da yatsu uku. Minti 10 sau biyu a rana ya isa. A Islamiyya kuwa, bahago ma ya fi samun sauƙi, tunda daga dama ake farawa zuwa hagu, hannunsa ba ya bi ta kan tawadar da bai bushe ba. Daman ya tallafe allo a cinya.

Mu dawo kan hannun dama, nan ne aikin yake. Yaron da ya gwada hannu tun yana jariri ya ga ba ya biya masa buƙata, mantawa yake yi da shi. Sau da yawa hannun ya fi yadda ake zato iyawa, rashin amfani ne ya danne shi. Ƙari a kan haka, jin taɓi a hannun kan yi ƙasa. Ki gwada: ki sa cokali, makulli, murfin gora da ƙwallon goruba a cikin jaka, ya zura dama ido a rufe ya faɗi abin da ya taɓa, sannan ya gwada da hagu. Bambancin zai nuna miki dalilin da abu ke faɗuwa daga hannunsa da zarar ya kau da ido. Don haka a farko ki bar shi ya riƙa kallon hannun yana aiki.

Hannu abin da yake yi shi yake koya. Murza shi da mai ba ya koya masa riƙe kofi, riƙe kofi ne ke koya masa. Abin da ya fi amfani shi ne ayyukan da ba sa yiwuwa da hannu ɗaya, kuma gidan Bahaushe cike yake da su. Dama ta riƙe gora, hagu ta murɗe murfi. Dama ta danne kwano, hagu ta dama fura. Dama ta riƙe reshen zogale, hagu ta tsige. Riƙe masara ana ɓarewa, yaga tsohuwar takarda, matse soso, ɗaukar tire da hannu biyu, daka a ƙaramin turmi da 'yar taɓarya, tura taya a tsakar gida, cafe babbar ƙwallo. Alwala kanta horo ce sau biyar a rana: buɗe tafi, tara ruwa, juya hannu sama, shafa fuska da hannu biyu. Juya tafi ya kalli sama yana daga abin da ya fi yi wa irin waɗannan yara wuya, don haka duk abin da za ki ba shi, dabino ne ko canji, ki ce ya tara dama.

Kada ki ɗebo duka lokaci guda. Ku zaɓi buri biyu ke da shi, waɗanda shi ma yake so, misali sa riga da kansa da buɗe gorar ruwansa a makaranta. A rarraba aikin gaɓa-gaɓa, ki yi masa na farko ki bar masa na ƙarshe, don kullum ya ƙare da nasara, sannan ki riƙa ja da baya. Wajen sa riga, hannu mai rauni ke fara shiga, shi ne kuma na ƙarshen fita. Wando mai roba kafin mai tazuge, manyan maɓallai kafin ƙanana, kuma a fara da rigar a shimfiɗe a gabansa kafin a jikinsa. Ma'aunin wahala mai sauƙi ne: idan cikin gwaji goma yana cin bakwai ko takwas, daidai ne. Idan goma yake ci, a ƙara wuya. Idan uku ne, a sauƙaƙa, a ba shi abu mafi girma ko mara santsi. Saki ya fi kamawa wuya, kada ki ɓamɓare yatsun da ƙarfi. Ki ɗan lanƙwasa wuyan hannun ƙasa, yatsun za su sassauta da kansu, sannan ki fito da babban yatsa daga gindinsa, ba daga kai ba.

Nawa ne ya isa? Nazarin da aka yi a kan horon hannu ga yara masu wannan lalura ya nuna ana bukatar kimanin awa 30 zuwa 40 na aiki kafin a ga canji na gaske a hannun. Rabin awa a rana, kwana shida a mako, awa uku ke nan, wato wata biyu da rabi zuwa uku. Yawancin iyaye a mako na uku suke sarewa, su ce ba ya aiki. Ki raba rabin awar gida uku, ki sa yayarsa a ciki ya zama wasa. Ranar farko ki ɗauki bidiyonsa yana kwashe murafen gora daga kwano zuwa kwano da hannun dama na minti ɗaya, ki ƙirga, ki maimaita duk wata. Idon da ke ganin yaro kullum ba ya ganin ci gabansa.

Maganar kaka ta ɗaure hagu, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma kyau ki gaya mata haka, zai sauƙaƙa miki sauran zancen. Masu gashi na da hanyar da suke rufe hannu mai lafiya don a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta tuna da ɗayan, kuma tana aiki. Amma da sharuɗɗa. Safa ake sa wa hannun, ba igiya ba. A zaune ake yi, domin yaron da ke tuntuɓe da hagu yake tare faɗuwa. Na ɗan lokaci ne, a fara da minti 10 zuwa 15, da wasan da daman zai iya ci, kamar ture gwangwanaye ko buga ganga. Ba a yi lokacin rubutu ko cin abinci, ba a kuma yi a matsayin hukunci. Mai gashi ya fara ganin hannun ya ce ya dace. Ruwan zafi kuwa a bar shi gaba ɗaya. Hannun da jinsa ya ragu yana ƙonewa yaro bai janye ba, tabon ƙuna a tafi ko gwiwar hannu kuma ƙara ɗaure gaɓa yake. Haka tsaga da ƙaho da kai shi wurin mai ɗori a ja hannun: ba targaɗe ba ne, ba karaya ba ce, matsalar ba a hannun ta faro ba. Idan kaka na son taimakawa, a ba ta wasan tara hannu da tsigar zogale, ta fi kowa lokaci da haƙuri.

Sai abin da kowa ke jin nauyin faɗa: ci da hagu, ga shi da ita ake tsarki. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa mai uzuri a hannun dama ba shi da laifi idan ya ci da hagu, mahaifinsa ya tambayi malamin da gidan suka yarda da shi a gaban kaka. A aikace, a ba shi cokali, a naɗe mariƙinsa da tsumma ko roba ya yi kauri, dama ta riƙe kwano. A bayi dama ta riƙe ƙaramar buta da ba a cika ba, a wanke hannu da sabulu kowane lokaci. Abin da ba ya zuba, kamar ƙosai ko yankan rake, yana iya gwada kai shi baki da dama, a matsayin horo ba dole ba.

Ƙafar ba za mu tsawaita ba, don sai an gani. Tsokar sha-raɓa ce ta ɗaure take jan agara, dunduniya ta ɗage. Ana miƙar da ita yaro na kwance, gwiwa a miƙe, ki kama dunduniya a tafinki ki tura ƙafar sama a hankali, ki riƙe daƙiƙa 30, sau uku zuwa biyar. A hankali muka ce, domin fizga na sa tsokar ta ƙara ƙanƙamewa. Miƙarwa ita kaɗai amfaninta kaɗan ne, a haɗa da tsugunno dunduniya a ƙasa, hawa tudu, hawa dakali da ƙafar dama a gaba, da buga ƙwallo da hagu, wanda ke sa shi tsayawa a kan dama bai sani ba. A raba shi da silifas, a sa masa kambas ko sandal mai maɗauri a baya. Mai yiwuwa a rubuta masa takalmin roba na asibiti da ke riƙe idon sawu, wanda ake kira AFO. A kan ƙafarsa ake aunawa, ba a aro, ba a saye a gwanjo. Da doguwar safa ake sawa, a fara da awa ɗaya ana ƙarawa. Jan da bai baje ba bayan minti 20 zuwa 30 da cirewa, a mayar a gyara. Yaro na girma, yakan fi ƙarfinsa cikin shekara ko ƙasa da haka. Idan agarar ta riga ta gajarce, akwai filasta da ake sauyawa mako-mako, akwai allurar sassauta tsoka da ke aiki na 'yan watanni, akwai kuma tiyata a asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Ba a gaggawar tiyata, domin agarar da aka tsawaita fiye da kima tana barin yaro yana tafiya a durƙushe, gyaran wannan kuma ya fi na farkon wuya.

Game da makaranta, ku je ke da mahaifinsa wurin shugaban makaranta, da takardar likita ko ta mai gashi a hannu. Malamin bai san lalurar ba, kuma shi ma da haka aka tashe shi, don haka kada a fara da faɗa. Ku nemi abubuwa ƙayyadaddu: rubutu da hagu, wurin zama a ƙarshen benci da matakin ƙafa, ƙarin lokaci ko rage yawan kwafe daga allo, a tambaye shi da baki abin da hannunsa bai kai ga rubutawa ba, kuma kada a cire shi daga wasan motsa jiki. Yaron da haddarsa ta fi ta yayarsa ajin kowa da kowa ne wurinsa. Idan aka ƙi, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kuna iya kai maganar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Malamin Islamiyya kuma mahaifinsa ya same shi shi kaɗai bayan an tashi, ba a gaban ɗalibai ba, ya kai masa yaron ya miƙa masa alƙalami a dama ya gani da idonsa.